Kayan da Muka Ɗora Mata a Kai

Ranar Asabar ce, ta ƙarshe a watan Oktoba, ƙarfe bakwai saura kwata na safe. Mu biyar ne a bakin wata gonar doya a Yangoji, wani ƙauye a yankin Abuja: ni, da mai kyamara, da mai ɗaukar sauti, da 'yar wasan da muka gayyato daga Kano, sai mai gonar, wata dattijuwa 'yar Gbagyi da kowa ke kira Mama. Kwana na uku ke nan muna ɗaukar fim ɗina na kammala makaranta, kuma shi ne na ƙarshe. Dokar makarantar ita ce a ba kowane ɗalibi kyamara kwana uku, ya mayar da ita kafin ƙarfe shida na yammacin rana ta uku, saboda akwai wani yana jira. Ba a taɓa ƙara wa kowa ko rabin wuni ba.

Shekara goma sha ɗaya na yi a gidan rediyo a Abuja kafin in shiga makarantar fim. Ina karanta labarai da Hausa, ina kuma gabatar da shirin manoma duk mako. Na shiga ajin ina da shekara talatin da tara, na tarar yawancin ɗaliban ba su kai ashirin da biyar ba, suka sa mini suna Oga Rediyo. Ban ajiye aikina ba. Daga Mararaba nake fitowa da zarar an idar da sallar asuba, don in wuce Nyanya kafin motoci su cushe. In yi aikin safe, in tafi aji da rana, in koma gida cikin cunkoson yamma, a matse a bayan mota, da littafin darasi a cinya wanda babu sararin buɗe shi. Shekara biyu na yi a haka. A watannin ƙarshe ba na tunanin fasaha, ba na tunanin ko fim zai kai ni wani wuri. Abin da nake so kawai in gama.

A makarantar, 'yan aji ne ke yi wa juna aiki. Yau kai ne darakta, mako mai zuwa kai ne mai riƙe wa kyamara lema a fim ɗin wani. Mai kyamararmu 'yar Filato ce, tana zaune a Karu wurin yayarta, kuma duk ajin babu mai ido irin nata. Mai sautin haifaffen Mararaba ne, yana saka kiɗa a wuraren biki in ba mu da aiki. Makirufonmu a bakin gora muke ɗaure shi, mu sa masa safar ƙafa biyu saboda iska. Abin mayar da haske fuska kwalin firji ne da muka manna wa takardar alminiyam. Ƙafar kyamarar ta karye a wuri ɗaya, an ɗaure da robar tayar babur. Batir biyu aka ba mu, ɗaya ba ya kai minti arba'in.

Labarin fim ɗin na Mama ne. Shekara shida kafin nan na je Yangoji ɗaukar hira kan yadda ake ajiye doya, aka nuna mini ita. Da muka gama maganar rumbu da ɓera da ruɓewa, ban kashe rakoda ba, ita kuma ba ta daina magana ba. Ta ce wata shekara doya ta isa haƙa, sai mijinta ya kwanta ciwo. Yara ƙanana, maƙwabta kowa na fama da tasa gonar. Ita kaɗai ta haƙe gonar, ta kwashe ta zuwa gida, sawu bayan sawu, kwana tara. Rana ta tara ta iso ƙofar gida da kayan ƙarshe, sai ta ji kuka daga ciki. Ta tsaya a ƙofar.

"Ban sauke ba," in ji ta. "Na sani in na sauke, ya zama gaskiya."

Ta ce tana nan tsaye har sai da wata mata ta fito ta karɓi kayan.

Na sa muryar a shirin, na kuma ajiye kwafi, na yi ta saurare tsawon shekaru. A rediyo, mai magana ne ke ba da kalma, mai sauraro ya kawo hoton daga gidansu. Hoton da ni na kawo na mahaifiyata ne a ƙauyenmu na ƙasar Katsina, gammo a ka, ƙwarya a kan gammo, wuya a miƙe. Da na zauna rubuta fim ɗin haka na rubuta: ta naɗa gammo, ta ɗora kayan a kai, ta kama hanya. Ban tsaya a kan wannan layin ko na daƙiƙa ɗaya ba.

A watan Agusta na je neman izininta. Na same ta a tsakar gida tana feren rogo.

"Ɗan rediyo, yanzu kuma hoto kake so?"

"Hoto mai motsi, Mama. Wata za ta fito a matsayinki."

"Ya iya haƙan doya?" in ji ta, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Ke za ki koya mata."

Ta yi dariya, ta jefa rogon cikin ruwa. "To, ka yi. Amma ni ne zan fara gani, kafin kowa."

"Ke za ki fara gani."

"In na ce ba haka ba ne fa?"

"Ba zai fita ba."

Da muryar da nake karanta labarai na faɗa, wadda mutane suka saba yarda da ita. Ban ga abin da za ta ƙi ba. Kalmominta ne a bakin 'yar wasan, ban canza ko ɗaya ba.

Kwana biyun farko mun ɗauki abin da ya shafi cikin gida da haƙar doya. Tafiyar muka bar wa safiyar Asabar, don hasken safe ya fi laushi. Ita ce zuciyar fim ɗin: ɗauka ɗaya doguwa, minti huɗu babu yankewa, daga kunyar doya, ta 'yar hanyar da ta ratsa gonar dawa, zuwa ƙofar gida. Matsalarmu babban titin Lokoja ne, wanda ba shi da nisa. Duk tirelar da ta wuce sai ta shiga makirufo ta ɓata komai. Dole mu jira hanya ta lafa, mu yi wuf mu ɗauka kafin wata ta taso, ga rana tana hawa, ga batir yana ci.

'Yar wasan ta naɗa gammo cikin gwaninta, ni da mai sauti muka ɗora mata daro cike da doya. Mama tana zaune kan wani kututture a gefe. Ta miƙe.

"Ɗan rediyo."

"Oga, hanya ta yi tsit," in ji mai sauti. "Yanzu ne fa, in ba haka ba sai shekara mai zuwa."

Na ɗaga wa Mama tafin hannu. A ɗakin watsa shiri, wannan alamar na nufin makirufo a buɗe yake, ko shugaban gidan ne ya shigo sai ya haɗiye maganarsa.

"Mama, don Allah shiru. Muna ɗauka."

Ta koma ta zauna.

Ɗaukar farko tirela ta kashe ta a minti na uku. Muna dawowa wurin farawa, Mama ta tare ni, ta nuna daron.

"Wannan kaya, ai ba a..."

"Za mu rage mata, Mama, na gode."

Na cire doya uku na ajiye a gefe, na wuce. Ɗauka ta biyu wani mai babur ne ya ɓullo daga cikin dawa yana gaishe mu da ƙarfi. Kafin ta uku, Mama ba ta zo wurina ba, wurin 'yar wasan ta nufa, ta kai hannu ta kama bakin daron.

"Mama, kin shiga hoto," in ji mai kyamara, ba tare da ta ɗago ido ba. "Ki ɗan matsa baya. Ƙara kaɗan. Yawwa."

Ta matsa. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Ni kuwa, darakta, na karɓi abin sauraro na biyu daga mai sauti na toshe kunnuwana, na rufe ido kamar yadda na saba. Ɗauka ta huɗu ce ta yi. Na ji takun ƙafa a kan ƙasa mai laima, na ji ganyen dawa na gogar zanenta, na ji numfashinta yana nauyi a daidai inda ya kamata. Wani zakara ya yi cara can nesa, sannan takun ya tsaya. Na ƙirga goma a zuci, na ce a yanke.

"Oga Rediyo," in ji mai kyamara, "zo ka ga abin da Allah ya ba mu."

Na leƙa ƙaramin gilashin. Doguwar mace, wuya a miƙe, daro a sama da kan dawa, bayansa sararin sama fari tas. Ko ni da ban da ido na san ya yi kyau.

Saura abu ɗaya. Ana ɗaukar shirun wuri na minti ɗaya a duk inda aka yi aiki, don cike gurbi wajen tacewa. Muna tsaye ƙiƙam muna yinsa, sai ga mata uku sun fito daga daji da itace. Na yi musu alama su taka a hankali, suka bi ta gabana, kowacce da kayanta a kafaɗa, a gindin wuya, kai a karkace gefe. Na gan su kamar yadda nake ganin irinsu a bakin titi tun da na zo Abuja. Idona ya gani, bai kawo rahoto ba.

Mama ta ba mu dafaffiyar doya da manja. Ta raka mu bakin titi, ta yi mana fatan sauka lafiya. Ƙarfe shida saura minti goma muka miƙa kyamara.

Mako biyu muka yi muna tacewa a ɗakin mai kyamara a Karu, a duk ranar da aka kawo wuta kuma ba ni da aikin rana. Fim ɗin ya tashi minti goma sha huɗu da rabi. Ranar wata Lahadi, bayan an taso daga coci, ni da ita muka kai wa Mama. Aka kifa turmi a ɗakinta, muka ɗora kwamfuta, aka saki labule. Ban da Mama akwai surukarta, matar ɗanta na fari, da wasu mata na maƙwabta da suka cika ɗakin har bakin ƙofa.

Sun yi dariya a wurin haƙa, don 'yar wasan tana riƙe fartanya kamar mai tsoron ta cije ta. Sun yi shiru a wurin mara lafiya. Da aka zo tafiyar, sai na ji ƙus-ƙus ya tashi da yarensu. Wata ta yi dariya ta toshe baki. Na ɗauka jin daɗin ganin hanyarsu ne a hoto. Mama ba ta motsa ba har baƙi ya rufe gilashin.

"Ɗan rediyo, wannan mata daga ina ya zo?"

"Daga Kano, Mama."

"To, labarin Kano ne."

Na dubi mai kyamara. Tana naɗe wayar caji, ba ta dube ni ba.

"Me ya faru, Mama?"

Surukar ce ta amsa. "Mu ba ma ɗora kaya a kai, Malam. A nan muke ɗorawa." Ta dafa gindin wuyanta.

"Kai shi ne ke riƙe hankalin mutum," in ji Mama. "Ba a ɗora masa doya. Uwana bai yi ba, ni ban yi ba. Ranar nan da na tsaya a ƙofa, babu komai a kaina. Da shi na tsaya ina tunani. Kaya yana nan."

Ta ja wuyan rigarta gefe. Akwai wuri baƙi, mai kanta, faɗinsa ya kai tafin hannu. Shekara shida na san matar nan, na san inda muryarta ke sauka in za ta ambaci mijinta, na san tarin da take yi kafin ta fara jimla. Wannan ban san shi ba.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Sau uku. Ka ce shiru."

Babu faɗa a muryar. Kamar mai gaya maka ranar kasuwa ta faɗa.

"In mutanen gari suka gani, za su ce haka muke. In namu suka gani, za su ce tsohuwan nan ya zauna yana kallo aka yi wannan a gonarsa." Ta gyara rigarta. "Ba haka ba ne."

Waɗannan su ne kalmomin da muka yi alkawari a kansu, kuma ta san na gane.

A motar da muka shiga daga Kwali, garin da ke kusa da Yangoji, mun wuce Gwagwalada kafin in yi magana.

"Kin sani?"

"A Karu nake zaune, Oga. Kullum ina ganinsu."

"Ba ki faɗa ba."

"Kai ka rubuta. Na ɗauka zaɓa ka yi. Kuma in a kafaɗa ne, daron zai cinye rabin fuskarta, sai na tumɓuke duk inda na kafa kyamara na sake lissafi, ga rana, ga batir ɗaya ya riga ya mutu." Ta juya ta kalli taga. "Kai ma ai da ido aka haife ka."



Asabar ta gaba na koma Yangoji da wayata da mai sauti. 'Yar wasan tana wani aiki a Kano, ba za ta samu zuwa ba. Surukar Mama ta yarda ta ɗaura zanen da aka yi fim ɗin da shi, in ɗauke ta ta baya. Ta fi 'yar wasan gajarta, an kuma fara yanke dawa a gefe ɗaya na hanyar. Ta sunkuya, ta juya daron ya hau kafaɗarta ba tare da kowa ya taimaka ba, hannu ɗaya a sama yana riƙe da bakinsa. Wannan karon ban sa komai a kunne ba. Tafiyar daban ce gaba ɗaya. Jiki ya ɗan ranƙwafa, taku gajere, kai a sake, yana juyawa ya dubi gona, ya dubi hanya. Da ta tsaya a ƙofa, na ga abin da Mama ke nufi: ana ganin kan mace tana tunani, nauyin kuma yana gefe yana jira.

"Oga, wannan ya fi wancan," in ji mai sauti. "Sai dai hoton kamar an wanke shi da ruwan omo."

Gaskiya ya faɗa. Wayata tsohuwa ce.

Na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya kalla a tsaye, da jakarsa a kafaɗa, don yana da aji. Ya tuna mini ƙa'idoji biyu da na riga na sani: duk hoton fim ɗin kammalawa sai ya fito daga kyamarar makaranta, kuma kada fim ya gaza minti goma sha biyu. In na cire tafiyar, nawa ya koma goma da rabi. Kyamara kuwa an rabe kwanakinta har ƙarshen zango. In ina son wasu kwana uku, sai in bi layin 'yan shekara mai zuwa.

"Wa zai sani a cikin masu jarrabawa?" ya ce. "Ni kaina yau na fara lura, kuma a nan na yi bautar ƙasa."

"Ita ta sani."

"Ita za ta ba ka maki?"

Ba mugu ba ne. Ɗalibai sun yi masa yawa, kyamara biyu ce a makarantar, shi ma daga bayan gari yake fitowa da asuba. Ya dafa ni ya ce in yi tunani, amma ranar Juma'a ake rufe karɓa.

Kwana huɗu na yi ina tunanin, yawanci a cikin mota tsakanin Mararaba da Nyanya, inda mutum ke iya shafe awa bai yi tafiyar da ƙafa za ta yi a minti goma ba. Na dubi shekara guda a gaba: wannan hanyar, wannan asubar, sabbin 'yan aji da za su sake sa mini suna, matata da ta riga ta gaya wa 'yan uwanta cewa a Disamba zan gama. Sai na gaya wa kaina cewa jarrabawa ba fita ba ce. Mutum biyar ne a rufaffen ɗaki, su kalla, su rubuta, su manta. Na san irin wannan jimlar. Na sha gyara irinta a sanarwar da ake kawo mana mu karanta, kuma ina gane ta tun daga kalmar farko. Ranar Juma'a na miƙa fim ɗin yadda yake, da daro a kai.

A watan Disamba aka yi jarrabawar. Sun yi ƙorafi kan hasken cikin ɗaki, sun ce mijin bai yi kama da mara lafiya ba. Da aka zo tafiyar, duk suka ajiye biro. Bayan an kunna fitila, wata daga cikinsu ta ce ta daɗe ba ta ga an nuna martabar macen karkara haka ba. Wani ya tambaye ni ko na yi bincike sosai kan mutanen wurin.

"Shekara shida na san mai labarin," na ce.

Gaskiya ce, ba kuma ita ce amsar ba. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu.

Mako guda bayan haka aka kira ni ofis. Duk shekara makarantar kan zaɓi fim uku ta nuna a bainar jama'a ranar yaye ɗalibai, ta kuma aika da su gasa. Nawa na ciki. Takarda ce shafi ɗaya, saura sa hannun darakta. Na karanta ta sau biyu, na mayar, na ce a ba wani.

Mai kyamara ta same ni a wurin mai shayi da ke bakin ƙofar makaranta. Ba ta zauna ba.

"An ce ka ƙi sa hannu."

"Haka ne."

"Oga, tun da na fara riƙe kyamara ban taɓa ɗaukar abin da ya kai minti huɗun nan ba. Kai kana da aikinka, gobe za ka koma ka ce jama'a barkanmu da warhaka. Ni da me zan je neman aiki? Da hoton bikin suna?"

"Na yi mata alkawari."

"Alkawarin ai ka riga ka karya. Ka karya rabin da ya tsare maka hanya, ka riƙe rabin da zai tsare mini."

"Haka ne," na sake cewa, don ban ga inda ta yi kuskure ba.

Ta nemi in bar ta ta yanki tafiyar kawai, ba suna, ba labari, ta sa cikin abin da take nuna wa masu ɗaukar aiki. Na ce a'a. Ta dube ni na ɗan lokaci, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta tafi. Tana da kwafin komai a kwamfutarta, ba ta buƙatar izinina. Iyakar sanina, har yau ba ta yi amfani da shi ba.

A watan Janairu na koma Yangoji ni kaɗai. Shirina shi ne in gaya wa Mama abin da na yi, sannan in roƙe ta ta bari in sake ɗauka da kaka mai zuwa, da kyamarar haya, yadda ya kamata. Na fara da nuna mata wanda na ɗauka da waya. Ta riƙe wayar nesa da fuska, ta kalli surukarta tana tafiya.

"Wannan ya yi sauri. Ranar nan ban yi sauri ba." Ta miƙo mini. "Amma haka ake ɗauka."

Sai na gaya mata. Ban yi kwana ba: na ce na kai wancan na farko makaranta, an kalla, an ba ni maki, na ci.

"Su nawa?"

"Biyar."

"Akwai namu a ciki?"

"Babu."

Kaji na tsattsagar ƙasa kusa da ƙafarta, ta kore su da sanda.

"Ka ce ba zai fita ba."

"Na ce."

"To."

Na fara maganar sake ɗauka. Na ce wannan karon ita za ta tsaya kusa da kyamara, duk abin da ta ce shi za a yi, babu mai ce mata shiru. Ta bar ni na kai ƙarshe, abin da ni ban yi mata ba.

"Uwarka yana da rai?"

"Tana nan, Mama."

"A kai yake ɗaukan kaya?"

"A kai."

"To, ka je ka yi nasa. Nawa ka bar shi."

Ta kira surukarta ta ce a ba ni doya biyar in kai wa iyali. Na ce an gode, ba sai an yi ba. Ta ce doya ba ruwanta da maganarmu. Aka sa mini a buhu, na ɗauka a hannu har bakin titi.

Takardar shaidata ta fito a watan Maris. Ina nan a gidan rediyo, ran Asabar kuma ni da mai sauti mukan ɗauki bikin aure ko tallar shago in an samu. Fim ɗin yana cikin na'urar ajiya a aljihun teburina, tare da hirar farko, wadda na cire daga jerin waɗanda ake maimaitawa a rediyo. Mai kyamara tana aiki a Legas. Shirin manoma ya je Yangoji sau biyu tun daga lokacin, duka biyun abokin aikina ne ya je.